Babban Inji a Ƙaramar Mota: Tarihin Wata Al'ada ta Kanikawa

Sauke injin ƙaramar mota a ɗora mata wanda ya fi nata girma al'ada ce da ta kusa cika shekara 100 a duniyar kanikanci, kuma tushenta lissafi ne mai sauƙi. Zafin tashin mota idan an taka totur yana bin yawan nauyin da kowane doki guda na ƙarfin inji yake ja. Motar da nauyinta kilo 900 ne, injinta kuma mai ƙarfin doki 60, kowane doki yana jan kilo 15. Idan aka ɗora mata inji mai doki 150, ko da nauyinta ya hau zuwa kilo 960, abin da ke kan kowane doki bai kai kilo 7 ba. Wannan ne ya sa guntuwar mota mai ƙofar baya, wato irin su Golf da Civic da Starlet waɗanda but ɗinsu ke haɗe da ɗakin fasinja kuma murfinsa ke ɗagawa sama tare da gilashi, ta zama zaɓin masu wannan aiki. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada a hannu na biyu, kuma an ƙera ta da yawa har kayan gyaranta suka cika kasuwa.

Al'adar ta girmi irin wannan mota. Ta faro ne a kudancin Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1930, lokacin da matsin tattalin arziki ya hana matasa sayen sabuwar mota, alhali tsofaffin Ford samfurin Model T da Model A suna jibge wurin 'yan gwangwan ana sayar da su da araha. A 1932 kamfanin Ford ya fitar da inji mai silinda 8, lita 3.6, mai doki 65, a motar da mai matsakaicin hali zai iya saya. Injin Model A kuwa doki 40 ne. Da sababbin motocin suka fara yin hatsari suna shiga hannun 'yan gwangwan, sai matasa suka riƙa sayen injinansu suna ɗorawa a kan Model A, su cire madigadi da duk wani abu mai ƙara nauyi, su nufi busassun tafkunan hamadar Mojave irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa SCTA domin tsara gasar da auna lokaci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin da suka koyi walda da gyaran inji a bakin aiki suka dawo gida da sana'a a hannu, mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, sannan a 1955 Chevrolet ya fitar da nasa injin mai silinda 8, ƙarami a jiki kuma marar nauyi, wanda ya zama injin da aka fi dasawa a motocin da ba nasa ba a Amurka. Daga wancan zamani zuwa yau, duk inda al'adar ta yi ƙarfi za a tarar abu uku sun haɗu: bodi marar nauyi da ake samu da araha, injinan hannu masu yawa, da mutanen da suka iya ƙarfe.

Carroll Shelby, tsohon direban tsere daga Texas, shi ne ya nuna cewa dabarar gareji za ta iya zama kasuwanci. A 1962 ya ɗauki AC Ace, ƙaramar motar Ingila mai kujeru biyu wadda ta rasa mai ba ta inji bayan kamfanin Bristol ya daina ƙera wanda take amfani da shi, ya ɗora mata injin Ford mai silinda 8. Ita ce Cobra. Sai dai ita da motocin Kalifoniya duk tsari ɗaya ne: inji a miƙe daga gaba zuwa baya, giya a bayansa, ƙarfi kuma yana zuwa tayoyin baya. A irin wannan tsari akwai fili, sauya inji bai cika wahala ba.

Turai ta bi wata hanya dabam. Rikicin mashigin Suez na 1956 ya jawo ƙarancin fetur a Ingila, kamfanin BMC ya umarci injiniyansa Alec Issigonis ya zana mota ƙarama mai ɗaukar mutum 4. Mini ta fito a 1959 da inji mai cc 848 da doki 34. Abin da ya bambanta ta shi ne an kwantar da injin a gicciye tsakanin tayoyin gaba, an sa giya a ƙarƙashinsa, tayoyin gaba ne kuma ke jan motar. Mini ta asali ba ta da ƙofar baya mai ɗagawa, amma kusan duk guntayen motocin da suka biyo baya sun gaji tsarinta na inji a gicciye, sun kuma gaji matsalarsa, domin faɗin da ke tsakanin ƙarafan gefe biyu na gaban mota shi ne iyakar tsawon inji da giyar da za su shiga. John Cooper, wanda motocinsa suka ci gasar Formula 1 a 1959 da 1960, ya shawo kan kamfanin aka yi Mini Cooper a 1961 da inji mai cc 997 da doki 55, daga baya Cooper S ta kai cc 1275. Ta ci tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, tana kayar da motocin da suka ninka ta girma. Cooper ya kuma gwada sa wa Mini inji biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a cikin irin wannan mota ya yi mummunan hatsari a 1963 wanda ya kusa hallaka shi.

Guntuwar mota mai ƙofar baya ta kafu sosai a farkon shekarun 1970. Fiat 127 ta fito a 1971, Renault 5 da Honda Civic a 1972, Volkswagen Golf a 1974, daidai lokacin da tsadar man fetur ta 1973 ta juyo da hankalin masu saye ga ƙananan motoci. An yi su ne don cefane da zuwa aiki. Injinan Golf na farko lita 1.1 mai doki 50 ne da lita 1.5 mai doki 70. A cikin masana'antar da ke Wolfsburg wasu ma'aikata kaɗan, ciki har da injiniya Alfons Löwenberg da jami'in hulɗa da 'yan jarida Anton Konrad, suka fara haɗa Golf mai gudu ba tare da umarnin shugabanni ba. Injin da suka ƙare da shi na Audi 80 GTE ne, lita 1.6 mai injekta ta Bosch maimakon kafireto, mai doki 110. Abin da suka yi sauya inji ne tsantsa irin na gareji, bambancin kawai shi ne suna da ɗakin gwaji da kayan kamfani a hannunsu, don haka suka gyara duk abin da ke kewaye da injin: suka rage tsayin motar daga ƙasa, suka ƙarfafa shokazoba, suka sa faifan birki mai huda iska a gaba da na'urar sanyaya baƙin mai. An nuna Golf GTI a bajekolin Frankfurt a 1975, aka fara sayar da ita a 1976. Nauyinta kilo 810, tana kaiwa kilomita 182 a awa. Kamfanin ya yi niyyar ƙera 5,000 ne kawai, amma samfurin farko kaɗai ya haura 450,000. Simca 1100 Ti ta Faransa ta riga ta fitowa, sai dai GTI ce ta sa kowane kamfani ya ga akwai kuɗi a wannan fanni.

Tseren rali ya ƙara wa abin wuta, domin doka ta ce ba a shiga gasa da mota sai an ƙera adadi kaza nata an sayar wa jama'a. Vauxhall ya ɗauki Chevette mai inji cc 1256 ya cusa mata lita 2.3 mai bawul 16, ta zama Chevette HS mai doki 135 a 1978. Chrysler Sunbeam, wadda ƙaramin injinta cc 928 ne, ana haɗa bodinta a Linwood ta Sikotlan, a kai ta Norfolk inda Lotus ke ɗora mata injinsa mai lita 2.2 da doki 150. Henri Toivonen ya ci ralin RAC da ita a 1980, a 1981 kuma ta ba Talbot, kamfanin da ke sayar da ita a lokacin, kambun duniya na kamfanoni. Waɗannan biyun tayoyin baya ke jan su, shi ya sa aikin ya zo da sauƙi. Renault kuwa a 1980 ya cire kujerun bayan Renault 5 gaba ɗaya ya kwantar da inji mai turbo a wurin.

Abin da kamfanoni suka fara, garejin unguwa ya ƙarasa. Sirrin aikin shi ne zumunta tsakanin injinan kamfani ɗaya. Kamfani ba ya zana sabon inji ga kowace mota. Yana yin dangi guda ne mai girma dabam-dabam, wuraren ɗaure ƙusoshi da bakin haɗuwa da giya kuma duk iri ɗaya. Bakaniken da ya san dangin ya san wane babban inji ne zai zauna a mazaunin ƙarami. Peugeot 205 GTI ta fito a 1984 da lita 1.6 mai doki 105, ta sami lita 1.9 mai doki 130 a 1986. Kamfanin bai taɓa sa mata injin 405 Mi16 mai bawul 16 da doki 160 ba, ko da yake dangi ɗaya ne da nata. Da motocin 405 Mi16 da Citroën BX masu irin injin suka tsufa, kanikawa a Ingila da Faransa suka cike gurbin da kansu. Sai an rage tsawon bututun shaƙar iska ko an karkata lagireto kafin bonet ya rufu, kuma injin yana da halin rasa baƙin mai idan an sha kwana da gudu sosai, abin da ya sa masu aikin kirki ke gyara kaskon man tun kafin su ɗora shi.

A Ingila babu haɗin da ya yi suna a wajen matasa kamar Vauxhall Nova, wadda sauran Turai suka sani da Opel Corsa ta farko, da injin Astra GTE mai lita 2 da bawul 16 wanda ya fito a 1988 da doki 150. Nova mai lita 1.0 ko 1.2 motar sabon direba ce. A farkon shekarun 1990 satar motoci masu gudu ta yi yawa a ƙasar, kuɗin inshorarsu ya yi tashin gwauron zabo, matasa da yawa suka koma sayen ƙaramar mota suna ƙara mata ƙarfi da kansu. Mujallar Max Power, wadda ta fito daga 1993 zuwa 2011, ita ce ta yaɗa wannan salo. Bodin Nova ba a yi shi don irin wannan ƙarfi ba. Ƙarfen gaba yana tsagewa a inda ƙafafun mota suke ɗaure, don haka aikin da aka yi da hankali yana haɗawa da ƙarin walda a kan layukan haɗin bodi da liƙa farantan ƙarfe a wuraren da ke shan wahala. Waɗanda suka tsallake wannan mataki sun ƙera motoci masu haɗari, kuma su ne suka ɓata wa al'adar suna a idon jama'a.

Masu Volkswagen sun fi kowa sa'a wajen zumuntar kaya. A 1991 kamfanin ya fitar da injin VR6, mai silinda 6 da lita 2.8 da doki 174. An matse layukan silinda biyu har kusurwar da ke tsakaninsu ta zama digiri 15 kacal, kai guda ya rufe su duka, domin injin ya shiga gurbin mai silinda 4. Kamfanin ya sa shi a Golf 3, kanikawa kuma suka mayar da shi baya zuwa Golf 2 da kayan Corrado da Passat. Daga baya injin lita 1.8 mai turbo, wanda ya kai doki 225 a Audi TT, ya karɓe kasuwar saboda ya fi VR6 sauƙin nauyi. A Afirka ta Kudu, inda masana'antar Uitenhage ta ci gaba da ƙera Golf ta farko da sunan Citi Golf daga 1984 har 2009, bodin ya kasance sabo kuma mai araha shekaru da dama bayan ya ɓace a Turai, aka sami ƙarni guda na kanikawa da suka ƙware wajen ɗora mata injinan lita 2.

Inda al'adar ta kai matuƙa, har ta zama masana'anta mai zaman kanta, shi ne wajen Honda. A 1989 kamfanin ya fitar da injin B16A a Integra, sannan a Civic da CR-X na kasuwar Japan. Lita 1.6 ne amma doki 160 yake bayarwa ba tare da turbo ba, wato doki 100 a kowace lita. Dabarar ita ce VTEC: sandar da ke buɗe bawul tana da tudu iri biyu, ƙarami don tafiyar yau da kullum, babba kuma yana kamawa idan juyin inji ya yi sama, sai bawul ya ƙara buɗewa ya daɗe a buɗe. Yawancin Civic da aka sayar a Amurka ƙananan injinan dangin D ne a cikinsu. Civic CX ta 1992, alal misali, doki 70 ce, nauyinta kuma kimanin kilo 950. Ga kuma Integra GS-R ta 1994 mai lita 1.8 da doki 170, wadda aka gina a kan tsarin ƙasa ɗaya da Civic ta 1992 zuwa 1995. Injinta da giyarta da sandunan jan taya da birkinta suna shiga Civic kusan ba tare da yanka ko walda ba. Mutum biyu da suka san aiki za su iya gamawa a ƙarshen mako guda.

Sharaɗi na biyu cikin ukun da aka ambata tun farko, wato yawan injinan hannu, dokar Japan ce ta samar da shi. A can ana yi wa mota binciken lafiya mai tsada da ake kira shaken, bayan shekara 3 da saye, sannan duk bayan shekara 2. Mutane da yawa kan rabu da motarsu tun tana da sauran ƙarfi, 'yan kasuwa su yanka ta su loda injin, ko rabin motar na gaba gaba ɗaya, a kwantena. Yankakken rabin mota ya fi daraja ga mai dasa inji, domin yana zuwa da wayoyi da ƙwaƙwalwa da mazaunan inji da duk ƙananan abubuwan da ke cinye lokaci idan za a neme su ɗaya-ɗaya. Tashoshin jiragen ruwan Kalifoniya suka cika da irin wannan kaya. A yankin Los Angeles, matasa da yawa daga iyalan da suka fito daga Asiya suka rungumi Civic kamar yadda matasan shekarun 1930 suka rungumi Model A, kusan a wuri ɗaya kuma bisa dalili ɗaya. Gasar Battle of the Imports ta fara a Palmdale a 1990, fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 kuma ya kai salon ga duniya. Abin yana da nasa duhun: saboda injin Integra na shiga Civic cikin sauƙi, Integra ta daɗe a sahun gaba na motocin da aka fi sacewa a Amurka.

A 2001 Honda ya sauya dangin inji zuwa K. Sabon injin yana juyawa ne ta ɓangaren da ya saɓa wa na dangin B, wato su B16A, yana kuma zama a ɗaya gefen gaban mota, don haka babu abin da ya dace da tsohuwar Civic. Cikin 'yan shekaru ƙananan kamfanoni, irin su Hasport na Arizona mai ƙera mazaunan inji da Hondata na Kalifoniya mai sake tsara ƙwaƙwalwar mota, suka fitar da duk abin da ake buƙata a kwali. Daga nan aikin ya tashi daga gwaji da ƙirar hannu ya koma sayen kaya da bin takardar umarni, injinan K20 da K24 kuma suka bazu har cikin motocin da ba na Honda ba. Masu Toyota Starlet sun bi irin wannan hanya da injin 4A-GE mai lita 1.6. Wasu kuma suka juya ga injin babur, musamman na Suzuki Hayabusa na 1999 mai cc 1299 da doki sama da 170, suna kwantar da shi a bayan Mini. Ba shi da nauyi, amma ba shi da giyar baya, sai an ƙara wata na'ura.

Duk wanda ya yi aikin ya san cewa ɗora injin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Babban inji ya fi nauyi, kuma a motar da tayoyin gaba ke ja nauyin yana zama ne a gaban layin tayoyin. Sakamakon shi ne motar ta ƙi shan kwana, direba ya juya sitiyari ita kuma ta nemi miƙewa. Idan an taka totur nauyin mota yana komawa baya, tayoyin da ke jan ta su yi sauƙi, su riƙa juyawa a banza. Sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne, saboda giya tana gefe guda, don haka idan ƙarfi ya yi yawa sitiyari yakan fizge zuwa ɓangare ɗaya. Birkin da aka auna don doki 60 yana zafi ya saki idan aka ce ya tsayar da mai doki 160 sau uku a jere. Lagireto ya yi kaɗan, famfon fetur ya kasa, kuloci ya ƙone, salansa ta rasa hanyar wucewa. Kamar ɗinka wa yaro babbar riga ne: ba yadi kaɗai ake ƙarawa ba, sai an sake awo daga wuya zuwa ƙafa. Shi ya sa haɗin da suka daɗe ana yabonsu su ne masu matsakaicin ƙari, inda aka kwaso birki da ƙafafu da giya daga motar da ta ba da injin, nauyin gaba kuma bai ƙaru sosai ba. A wajen masu Civic, injin Prelude mai lita 2.2 ya fi na Integra ƙarfin ja, amma da yawa sun guje shi don tseren kwana-kwana saboda nauyinsa.

Idan inji ya fi ƙarfin gaban mota, mafita ɗaya ce, a kai shi inda kujerun baya suke. A 1990 Chuck Beck da Rick Titus suka ɗauki Ford Festiva mai lita 1.3 suka kwantar mata da injin Taurus SHO mai silinda 6, lita 3, doki 220, wanda Yamaha ya ƙera. Suka kira ta Shogun, guda 7 kawai aka yi. Renault ya yi irin wannan a hukumance a 2001 da Clio V6 mai doki 230, wadda kamfanin TWR ya haɗa a Uddevalla ta Suwidin. Ta rasa kujerun baya da wurin kaya, ta fi Clio mai lita 2 nauyi da kusan kilo 300, gudun da ta fi ta da shi kaɗan ne, kuma samfurin farko ya yi suna wajen juyewa da direba a jiƙaƙƙen titi har sai da aka sake mata ƙafafu a 2003. Volkswagen ya nuna Golf mai silinda 12 da doki 650 a taron Wörthersee na 2007, Aston Martin kuma ya cusa injin silinda 8 mai lita 4.7 a 'yar ƙaramar Cygnet a 2018. Kowannensu guda ɗaya aka yi. Irin waɗannan motoci suna jan ido, suna kuma nuna gwanintar masu ƙera su, amma sun zubar da abin da ya sa aka so guntuwar mota tun farko, wato rashin nauyi da amfanin yau da kullum.

Doka ta taka rawa sosai wajen tsara yadda al'adar take a kowace ƙasa. A Kalifoniya dole injin da za a dasa ya kasance na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, ya zo da duk na'urorin tace hayaƙinsa, sannan jami'in gwamnati ya duba ya liƙa shaida. Wannan ne ya sa injinan Japan da yawa, duk da arharsu, ba su halatta a kan titi a can ba. A Jamus sai injiniyan hukumar bincike irin TÜV ya gwada motar ya amince da birki da ƙara da hayaƙi, a rubuta sauyin a takardunta, abin da ya sa aikin Jamusawa ya fi tsada kuma ya fi tsabta. A Ingila ana sanar da hukumar rajistar motoci sabon girman inji da lambarsa, a kuma gaya wa kamfanin inshora; wanda ya ɓoye yana iya rasa diyya ranar da ya yi hatsari.

A Afirka ta Yamma sauya inji aikin kullum ne, sai dai manufar dabam ce. Kwantenonin injinan hannu daga Turai da Japan suna sauka a Legas da Kwatano, kayan su bazu zuwa Ladipo, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Direban Golf 3 na haya da injinsa ya buga yana neman injin Beljiyam ne, wato na hannu, mai ƙarko da shan mai kaɗan wanda zai ja lodi, gudu ba ya cikin lissafinsa. Sau da yawa ma sauyin baya yake komawa, a cire injekta da ƙwaƙwalwa a mayar da mota kafireto domin kowane bakanike a kan hanya ya iya taɓa ta. Ilimin dai ɗaya ne da na garejin Ingila ko Kalifoniya, wato sanin wane inji ne ke zama a kan wace giya, da wane mazauni ne sai an yi masa walda.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 abubuwa biyu suka rage wa al'adar ƙarfi a sababbin motoci. Na farko lantarki ne. Amurka ta wajabta tsarin binciken kwamfuta na OBD-II daga 1996, ƙasashen Turai irin su Jamus da Ingila suka wajabta na'urar hana sata wadda ke ɗaure makulli da ƙwaƙwalwar inji a 1998, daga baya kuma inji da birki da allon mita da jakar iska duk suka koma magana da juna ta layin waya guda. Injin da aka raba da sauran kwamfutocin motarsa yakan ƙi tashi, don haka mai dasa inji a yau yana ɓata lokaci a kan wayoyi da manhaja fiye da kan ƙarfe. Na biyu turbo ne. Injin Ford mai silinda 3 da lita 1.0 na 2012 yana ba da doki 125, fiye da Golf GTI ta farko. Toyota GR Yaris ta 2020 tana fitar da doki 261 daga lita 1.6, Mercedes A45 S ta 2019 kuma 421 daga lita 2. Mai irin wannan mota idan yana son ƙarin ƙarfi manhajar ƙwaƙwalwa yake sauyawa, ba ya buƙatar sauke inji. Aikin ya tattara ne a kan bodin shekarun 1980 da 1990, waɗanda tsatsa ke ragewa kowace shekara, farashin masu kyau a cikinsu kuma yana hawa. Wani reshe sabo shi ne cire injin fetur a sa na lantarki: a 2022 kamfanin Mini ya sanar da shirin sa wa tsofaffin Mini injin lantarki mai kilowat 90 a Ingila, tare da adana injin asali da lambarsa domin mai motar ya iya mayar da shi idan ya so.